Kore Zan Rubuta Ko Ja?

Madam Odessa, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Juma'a. Ranar ce zan miƙa wani rahoto, kuma har yanzu akwai layi ɗaya a cikinsa da na kasa cikewa.

Ni mutumin Louisiana ne, amma shekara tara ke nan ina aiki a wani ƙaramin gari a gaɓar teku, can yammacin Alaska, inda babu titin da ya haɗa mu da kowa. Ina kula da wata tashar gwamnati mai sauraron taurarin ɗan Adam masu nuna hanya, ta auna kuskurensu, ta aika da gyara. Da wannan gyaran ƙananan jirage ke iya sauka a filinmu ranar da hazon teku ya rufe ko'ina. Mu biyu ne a tashar, ni da Elwood Nageak, ɗan garin nan mai 'ya'ya huɗu.

Aikin gaba ɗaya ya dogara ne da wasu agogo uku masu tsananin daidaito. Ɗaya ya mutu shekara uku da suka wuce. Na biyu yana numfashi ne kawai don na ciro kayan cikin mataccen na dasa masa, ina lallaɓa shi kamar mai jinya. Na nemi sababbi, an amince har sau biyu. Amma kin san halinmu. Oktoba, farkon shekarar kasafin kuɗi, za ta kama majalisa ba ta gama rigimarta ba, sai a ce a tafi da kasafin wucin gadi, shi kuma ba a fara sabon aiki a ƙarƙashinsa. Kafin su daidaita an sake lale, takardata ta koma ƙasa. Sai Satumba ta zo a bugo waya a ce akwai ragowar kuɗin kayan ofis, a kashe kafin wata ya ƙare kada a rage mana baɗi. Bara kujeru goma sha biyu aka aiko mana. Mu biyu! Elwood ya ce ko ba komai, ranar da agogon ya cika muna da wurin zaman makoki.

Ga inda na maƙale. Duk wata uku nakan cike rahoto, a ƙarshensa ana rubuta lafiyar tasha da launi. A ƙa'ida, in agogo ɗaya ne kawai ya rage mai cikakkiyar lafiya, ja za a rubuta. Ni kuwa kore nake ta rubutawa, tunda ba mu taɓa ɗaukewa ba ko na awa ɗaya, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina alfahari da hakan. Yanzu an kafa kwamiti zai duba dukkan tashoshi. Shugabata, Madam Whitcomb, ta gaya mini a waya, ba a rubuce ba, cewa mai kore ba zai sami ko sisi ba tunda ba shi da matsala, mai ja kuma shi ne mafi sauƙin rufewa. Ba na jin haushinta, ita ma daga sama ake matsa mata. Su ma 'yan majalisar na san makarantu da asibitoci na jiran kuɗin nan. Amma kowa da waya a hannu tana nuna masa hanya, ya ɗauka abin daga sama yake faɗowa kyauta kamar ruwan sama.

In aka rufe mu, Elwood ya rasa aiki. Marjorie Tuckfield, matuƙiyar jirgin da ke kai marasa lafiya asibitin birni, wadda ke kirana Likitan Agogo tana kawo mini busasshen kifi, za ta koma jiran hazo ya washe, majinyaci na kwance. Ni kuma, Madam, mayar da ni gida za a yi. Matata Lorraine tana can tana kula da mahaifiyarta, sau biyu nake ganinta a shekara. Har mafarkin miyarta ta kuɓewa da jatan lande nake yi. To ina tsoron kaina. In na rubuta ja, ta yaya zan san don gaskiya na rubuta, ba don na gaji ina son tafiya ba? In na rubuta kore, agogo na biyun nan ba zai kai baɗi ba.

Gajiyayye, daga Alaska

Gajiyayye, sannu da ɗawainiya. Ja za ka rubuta, kuma kai ma ka sani.

Na yarda da kai, tsarin da ke aiko kujeru ya hana agogo abin takaici ne. Amma bari in faɗa maka wadda ba za ta yi maka daɗi ba. Mutanen kwamitin ba su taɓa taka garinku ba, kalma ɗaya suke karantawa. Shekara uku kana gaya musu lafiya lau, yanzu kana jin haushin sun yarda da kai. Ƙwarewarka ce ta rufe musu ido. Tsoronka na rufewa ba shirme ba ne, yana iya faruwa. Sai dai tashar da ta mutu rana tsaka, jirgi yana sama, takarda na cewa kore, ita ce wadda babu mai iya karewa, kuma sunanka ne a ƙasan takardar.

Kada ka aika jan shi kaɗai. Ka haɗa da ranar da agogo na farko ya mutu, da kowane gyara da ka yi wa na biyu, da takardun amincewa biyun nan. Ka faɗi a fili cewa koren baya kuskurenka ne. Ka kira Madam Whitcomb kafin Juma'a ta ji daga bakinka, kada ta tsinci maganar a teburin kwamiti. Ka zaunar da Elwood ya karanta komai, tunda abincinsa ne a ciki. Marjorie da asibitin garinku kuma suna da 'yancin rubuta wa wakilinsu a majalisa su faɗi sau nawa aka sauka cikin hazo a bara. Wannan muryar tasu ce, kada ka rubuta musu.

Batun kewar gida kuwa, daina tuhumar kanka. Agogon bai san kana da mata ba, lalacewarsa daban, gajiyarka daban. Ka nemi canjin wurin aiki a wata takarda, a wata rana, da sunanta na gaskiya. Shekara tara ba wasa ba ce, kuma Lorraine ma tana da haƙƙi a kanka.

Allah ya kawo agogo, ya kuma kai ka gida lafiya. Kafin nan, ka jawo ɗaya daga cikin kujerun nan goma sha biyu, ka zauna, ka rubuta ja.

Odessa