Jirgi Mai Hoton Agogo

Châlons, Laraba, 16 ga Mayu, 1917

Zuwa ga Gwaggo Léontine,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Kawu Anselme da yara. Allah ya sa sanyin Montréal ya ja da baya, ya kuma ba ki sauƙin ciwon gwiwa. Baba yana nan lafiya a Troyes, kullum yana buɗe shago, ko da yake masu kawo gyaran agogo sun ragu. Ni ma lafiya, sai dai ƙafar da kika sani, wadda ta hana ni sa kaki ta bar ni da aikin jarida.

Gwaggo, jaridun Paris za su riga ni isa gare ki, kuma za ki ga hoton ƙanena Firmin zagaye da baƙin layi. Ki ajiye su tukuna. Zan faɗa miki abin da na gani da idona dabam, abin da aka gaya mini dabam. Tambayar da za ki fara yi kuwa, yau ba ni da amsarta: ban sani ba ko ƙanena yana raye.

Rabonki da shi yana ɗan shekara sha huɗu, yana tsintar ƙananan kusoshi a teburin Baba. Da hannun nan ya shiga soja a bakanike, bayan shekara ɗaya aka ba shi jirgi. Bai ƙara tsawo ba; abokansa Guntu suke ce masa, har sai da aka ɗaura masa katako biyu a kan sandar da ake takawa a juya jirgi, don ƙafarsa ta kai. Ba ya harbi daga nesa. Yakan hau sama ya sa rana a bayansa, ya matso har ya ga fuskar mutum, sannan ya saki harsashi kaɗan. Jirage goma sha tara aka tabbatar masa, kowanne da shaidar waɗanda suka gani daga ƙasa. A jikin jirginsa ya zana fuskar agogo, kuma Jamusawa sun san ta kamar yadda muka san ta. Da ya zo hutu na ga ba ya natsuwa sai ya buɗe bayan agogo.

Ranar Alhamis da safe suka tashi su biyu, shi da wani sabon matuƙi, Gildas Kerjean, dogon saurayi daga bakin tekun Bretagne. Ba wanda ya dawo. Matuƙan ɓangarorin biyu suna da wata al'ada: in mutum ya faɗi a ƙasar abokan gaba, sukan jefo labarinsa. Ranar Lahadi wani jirgin Jamus ya yi ƙasa-ƙasa ya jefo jakar fata mai jan ƙyalle. Na ga takardar. Ta ce sun binne Laftanar Daubray, mai jirgin agogo, da girmamawar soja. Ɗayan kuma yana asibiti, muƙamuƙinsa ya karye, bai farfaɗo ba. Ki lura da abu ɗaya: an hana matuƙanmu tsallaka fagen daga da kowace takarda a aljihu. Ba fuska suka gane ba, ba suna suka karanta ba. Jirgi suka gani.

Da na je filin jirgin don ɗaukar kayan Firmin, tsohon bakanikensa Mathurin ya ja ni bayan rumfa. Ya fara da cewa shi jarida ba ta da amfani a wurinsa sai naɗe kifi, amma tunda ni jinin Firmin ne zai nuna mini abu. Ya zaro katakon nan biyu daga aljihu. Ya ce da safen Alhamis ɗin Guntu ya sa shi ya kwance su daga jirginsa, shi kuwa ya tambaye shi ko tsawo ya yi cikin barci, Firmin ya ce ya yi aikinsa ya rufe baki. Bindigar Gildas kuwa sau biyu tana cijewa a makon nan. Mathurin bai ga wanda ya hau wane jirgi ba, domin an kira shi wani wuri, kuma cikin rigar fata da tabarau kowa kama yake da kowa. Ya yi shiru kwana uku saboda kyaftin ɗinsu ya haramta musayar jirgi. Na kai wa kyaftin katakon. Ya zagi Mathurin, ya zagi Firmin, sannan ya nemi wanda zai yarda ya tsallaka ya jefa wa Jamusawa tambaya a kan ko wane ne ke asibitin. Mutum huɗu suka miƙe. Na buga wa Baba waya na ce ya dakatar da addu'ar mamaci, ban faɗa masa dalili ba. Editana ya matsa in rubuta ta'aziyya, na ƙi.

Ga abin da ya fi damuna. Mahaifin Gildas ya zo, tsohon masunci, kwana biyu a jirgin ƙasa, don ya karɓi akwatin kayan ɗansa da aka ce masa yana raye. Masauƙinmu ɗaya. Ba ya karatu. Kullum sai ya yanka mini burodi da man shanun da ya zo da shi, ya ce in ci, mai makoki ba ya zama da yunwa. Jiya ya dafa kafaɗata ya ce idan yaronsa ya dawo zai turo shi ya gaida Baba. Katakon suna aljihuna yana wannan magana. Duk addu'ar da na yi wa Firmin, a kan ɗan mutumin nan take sauka. Zan dakata a nan.

Asabar, 19 ga wata.

Jakar amsar Jamusawa ta zo yau da hantsi. Muna tsaye bakin rumfa muka ji injin da ba namu ba, aka hana masu bindiga harbi, ta faɗo cikin ciyawa. Kyaftin ya buɗe, ya duba, ya miƙo mini ba tare da ya kalli tsohon ba. Rubutun fensir ne a karkace, amma tun kafin in karanta na gane hannun da ke rubuta lambobi a bayan agogon Baba. Gwaggo, Firmin yana raye.

Ban sami damar yin murna ba, domin tsohon ya kama hannun rigata ya ce, “Karanta mini, ɗana. Daga wurin yarona ne?”

Layi huɗu ne. Firmin ya ce yana hannun Jamusawa, ba ya iya magana, amma zai warke. Ya ce Gildas ne a jirgin agogo. Ya ce shi ya tilasta masa hawa saboda bindigar jirgin ta fi kyau, ya manta cewa jirgin da suke farauta ke nan. Jiragensu biyar suka bar shi suka rufar wa yaron. Ya ce a gaya wa mahaifinsa haka, kada a rage komai. Na yi tunanin tsallake layin na uku, ba wanda zai sani. Na karanta shi.

Tsohon ya cire hula. Sai ya tambaye ni abin da jaridu suka rubuta game da wanda aka binne. Na ce sun ce jarumi ne, ya yi faɗa shi kaɗai da jirage biyar, abokan gaba ma sun sara masa.

“To, ka bar maganar yadda take,” in ji shi. “Sunan kawai za ka sauya.”

Haka na yi, gobe ta'aziyyar za ta fito a jarida. Zan raka shi har gida, domin ya ce ba zai iya faɗa wa uwar yaron shi kaɗai ba. Daga can zan wuce wurin Baba.

Ki gaida Kawu Anselme, da Clotilde da mijinta, da ƙaramin Rémi. In za ki kunna kyandir a coci, ki kunna biyu. Sunan ɗayan Gildas Kerjean, shekararsa ashirin.

Ɗanki mai girmama ki,
Séverin Daubray