Ramuka Goma a Gungumen Arvid

3 ga Oktoba

Maigidana Arvid,

Gaisuwa mai yawa da fatan ka tashi lafiya. Yaya jikin? Hannun daman ya fara jin magana? 'Yarmu Kristi ta ce ka cinye naman ka ture koren wake, na ce to da sauƙi, ciwon ya shanye ɓarin jiki ya bar hali. Tunda waya ba ta yi mana amfani sai bakinka ya dawo, ga takarda, ta karanta maka.

Na ɓoye maka wata magana ranar Lahadi, ta kuma hana ni sukuni. An cire sunanka daga allon zakarun ƙungiyar maharba. Aikin Duane ne, amininka, wanda ya ci gasasshen kifi a teburina fiye da sau ɗari.

Ka san yadda gasarku take: kowa ya yi harbi goma a gidansa da tsohuwar ƙaramar bindiga, ya kawo takardarsa, a yarda da shi bisa amana. To, a taron Talata Duane ya miƙe ya ce ba yadda za a yi bindigar 'yan sandan ƙasar Hangari, wadda ka saya kuɗin takalmi ƙafa ɗaya, ta tara harsashi goma a wurin da bai kai tafin hannu ba. Ya zaro fensir daga bayan kunnensa ya zura a ramin takardarka, ya shiga cif. Ya ce, "Ku duba baƙin da ke bakin ramin. Arvid dai gwanin rubutu ne." Wai da fensir ka huda ramukan. Aka yi dariya. Shi ne ya zo na biyu, saboda haka sunansa aka ɗora a gurbin naka.

Ya jira sai da harshenka ya karye, Arvid! Ka yi shekara ashirin da biyu kana goge tsofaffin ƙarafan nan a ɗakin girkina, gidan duk warin mai, ina yi maka tsiya, amma ban taɓa jin ka ƙara wa kanka maki ɗaya ba. Matarsa ta kawo mini tukunyar dankali da nama, na mayar mata ko murfin ban ɗaga ba. Wallahi sai ya gane kurensa.

Ka ci wakenka.

Taka,
Marlys

17 ga Oktoba

Arvid nawa,

Ina gaishe ka, ina gaida Kristi da ma'aikaciyar jinyar nan mai dariya. An ce ka riƙe cokali da hagu. Madalla.

Ka tuna yadda nake zaginka a kan gungumen da kake yankowa sabo duk shekara don gasar kaɗai, ka kafe takardar harbi a fuskarsa da ƙusa, ka rubuta kwanan wata a jikinsa, ka ajiye a rumfa kamar wani kayan gado? Sau biyu na kusa jefa su a murhu. Yau na janye zagin. Na samo na bana a bayan injin yankan ciyawa, na mirgina shi da ƙafa har cikin mota, bayana yana ƙara.

Na shiga taron ba gayyata. Shugaba Gaylord ya ce, "Marlys, yau ba ranar iyali ba ce." Na ce, "Ai ba kofi na kawo ba, matsa." Na sa aka fito da takardarka, na ɗora ta a fuskar gungumen. Ramukan ƙusa huɗu suka hau kan nasu, ramuka goma suka hau kan goma. Sai na miƙa wa Gaylord gatari na ce ya tsaga. Ya tono harsasai da wuƙar aljihu yana jefawa a kofi, ni kuma ina ƙirgawa da ƙarfi. Da muka kai goma na juya na ce, "Duane, wane kanti ake sayar da fensir mai tofa dalma? Ina so in saya wa jikata."

Kunnuwan Duane suka yi ja, ya ce ai kuskure ne, kowa yana yi. Gaylord ya ce a mayar da sunanka a bar maganar. A bar ta? Ni Marlys? Na ce wanda ya san fensir yana shiga ramin cif, ya taɓa gwadawa. Ranar Asabar ta makon gobe Duane zai maimaita harbinsa a filin ƙungiya, a gaban kowa, in kuwa ya kasa a kore shi. Suka ɗaga hannu, har da ƙaninsa.

Ramin mugunta a gina shi gajere. Na ƙosa Asabar ta yi.

Matarka,
Marlys

26 ga Oktoba

Arvid,

Gaisuwa da kewa. Ina fata sanyin nan bai taɓa maka ƙafa ba. Na aiko da safar ulu.

Takardarka ta iso ranar Juma'a. Na daɗe ina kallon rubutun hagun nan, kamar kaza ta yi tonon ƙasa, kafin na karanta: "Idonsa. Shekara uku. Na sani. Bar shi." Na yi kuka, don shi ne abu na farko da ka faɗa mini tun watan Agusta. Da na share hawaye kuma sai haushi ya kama ni. Kalma bakwai ka samu, duka ka kashe su a kan Duane!

Ashe ka san ba ya ganin takardar. Ashe shekara uku kana kallon ramukan fensirinsa kana rufa masa asiri, shi kuma ya ɗauki laifinsa ya rataya maka don ya ga sunansa a allo sau ɗaya kafin duhu ya rufe shi. Kai wannan ya sa ka ji tausayinsa. Ni ƙara tunzura ni ya yi.

Ban fasa ba, kada in yi maka ƙarya. Jiya ya tsaya a layi da 'yar bindigarsa ta Italiya, ya yi harbi goma, uku ne suka taɓa takarda. Yana sauke hannu ya ce, "Yaya, sun taru?" Na jira ranar nan mako uku, na kuma ji daɗinta, sai dai bai kai yadda na zata ba.

Da aka zo korarsa na ce a dakata, Arvid ya ce a bar shi. Saƙonka na isar, ban ce na yafe ba. Sharaɗina ɗaya: shi zai mayar da sunanka da hannunsa. Aka ba shi ɗan tagullan da aka zana sunanka a kai, da sukundireba. Ya yi ta lalube, ƙusar tana faɗuwa, yana durƙusawa yana shafa ƙasa. Gaylord ya motsa zai taimaka, na harare shi ya koma. Da ya gama ya shafa haruffan da yatsa, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Marlys, ya miƙe?"

Ya karkace, Arvid. Na ce masa ya miƙe, na kuma hana kowa gyarawa. Haka za ka same shi ranar da ka dawo, kuma haka zai zauna.

Na shafa wa 'yar Hangarinka mai, tana jiranka. Ni ma haka.

Taka har kullum,
Marlys