Na San Inda Wutar Gidan Mijin Yayata Take Zuba, Amma Na Ƙi Zuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, don zuciyata ta riga ta yanke hukunci, kuma na san ba mai kyau ta yanke ba.

Ni mai wayarin ne, ɗan Paki, shekara goma sha huɗu ina wannan sana'a. A Zariya na koya, kuma akwai ɗabi'a ɗaya da ogana ya dasa mini, duk bangon da na fasa na binne bututun waya, sai na ɗauki hotonsa kafin birkila ya yi filasta. Yakan ce bango in ya sha siminti ba ya tuna komai, hoto ne ke tunawa. Har yau ban taɓa barin gini ban yi haka ba.

Mijin yayata, zan kira shi Alhaji, ɗan kasuwar masara da barkono ne a Ikara. Da ya tashi gina sabon gida ni na yi masa wayarin ɗin cikin gida gaba ɗaya, da kayan da na zaɓo da hannuna. Da aka zo kan sito da ke jikin gidan, inda zai sa injin casa, na rubuta masa irin wayar da za a saya, mai kauri, tagulla zalla. Sai ya ce shi zai sayo da kansa, wai mu masu aikin hannu ba mu rabuwa da kamasho. Ya dawo da wata waya mai sheƙi, na sa wuƙa na kankare bakinta a gabansa, ciki fari fat, alminiyam ne aka shafa wa ruwan tagulla. Na ce Alhaji araha ba ta ado, wannan ba za ta ɗauki inji ba, ni dai ba zan ja ta ba. Na ɗauki hotonta na tura masa ta waya, har da rubutu. Na tafi wani aiki Kudan na kwana biyu, kafin na dawo ya sa wani ya zura ta.

Bayan kaka, sito cike da buhuna, wuta ta tashi da rana tsaka. Allah Ya tsare rai, amma masara da barkono sun tafi. Ni ne na farko da ya hau turken wuta ya yanke layin, har yau akwai tabon ƙuna a hannuna. Washegari ana zaune ana jaje a ƙofar gidansa, mutane daga Saulawa, daga Paki, 'yan kasuwa abokansa, ina gefen tabarma, sai na ji ya ce, "Zumunci ne ya cuce ni, na ba ƙanin matata aikin da ya fi ƙarfinsa." Kowa ya juyo ya kalle ni. Wayar da hoton ke ciki tana aljihuna, amma mijin yayata ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma ranar jaje ce. Na sunkuyar da kai na bar wayar a aljihu, abin da har yau nake cizon yatsa a kansa.

A sana'armu suna shi ne jari. Aikin wata Islamiyya da aka riga aka ba ni a Makarfi aka janye, wani mai gini a garin Taba ya daina ɗaga wayata. 'Yan majalisar unguwa suka laƙaba mini Mai Gobara, in na wuce a ce a ɓoye ashana. Ni da nake wayarin ɗin gidan sama, yau gyaran fanka da dutsen guga nake a bakin tasha. Shekara guda ke nan da rabi, Alhaji bai taɓa ce mini ko sannu ba.

To damina ta faɗi, sai famfon banɗakin gidansa ya fara jan mutane. Yaya ta je alwalar la'asar ta kama kan famfo, wuta ta wurgar da ita ta bugu da bango, kwana uku hannunta ba ya ɗaguwa. Alhaji ya kawo masu gyaran wuta biyu daga Zariya, suka yi ta dube-dube, suka ce sai dai a farfasa tayil ɗin banɗakin da na kicin a bi layi, don ba su san ta inda bututu ya bi ba. Tayil ɗin nan da yake kai baƙi su gani kamar amarya.

Ni kuwa na buɗe hotunana. Bututun wayata ya bi ta bayan bangon banɗaki, daidai inda daga baya Alhaji ya sa mai famfo ya kafa bututun ruwa na ƙarfe da dogayen ƙusoshi, ba tare da an tambaye ni ba. Ƙusa ce ta huda waya, bango ya jiƙe, wuta ta samu hanya. Tayil ɗaya zan cire, aikin rabin awa ne.

Na kira Yaya na ce ta je akwatin wuta ta kashe makunni na uku. Ta kashe. Alhaji ya dawo ya kunna, wai injin ruwa da firij duk a kan layin suke, kuma ba zai karɓi umarni daga Mai Gobara ba. Bayan kwana biyu kuma, da ya ji kuɗin tayil, sai ya aika wa Innarmu, wai a ce wa yaron nan ya zo ya duba. Yaron nan, ni mai 'ya'ya huɗu.

Na ce wa Inna zan je, amma da sharaɗi. Ya tsaya a ƙofar gidan nan, inda ya kashe mini suna, ya faɗa wa mutane wanda ya sayo wayar sito. Inna ta ce, "Ba a sa babba ya durƙusa wa ƙaramin da aka goya a gidansa, ka bar wa Allah." Na ce na bar wa Allah shekara da rabi, yanzu Allah ne Ya kawo shi hannuna.

Ba zan yi muku ƙarya ba, so nake ya fasa tayil ɗin nan ɗaya bayan ɗaya yana kallo. So nake in watsa hoton wayar da saƙon da na tura masa a duk guruf ɗin 'yan kasuwar Ikara. Na san in na je na gyara shiru, zai ce ai dama kuskurena ne na dawo na rufe, gobara ta zama biyu a kaina.

Sai dai an ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a nan kuwa Yaya ruwan ke duka. Jiya ta kira ni, ba ta roƙe ni komai ba. Cewa ta yi ta ɗaure kan famfon da tsumma, tana ɗebo ruwan alwala a maƙwabta. Har za ta kashe waya sai ta ce, "Autata fa bana hannunta ya fara kaiwa ga famfon."

Jakar kayan aikina kwana uku ke nan tana bakin ƙofa, in ɗauka in ajiye. 'Yan uwa, in je in cire tayil ɗin nan in ci gaba da amsa Mai Gobara har in mutu, ko in jira ya faɗi gaskiya, alhali ban san wa zai riga kama famfon ba?