Kada Ki Buga Hatiminki, Fumino

Zuwa ga Fumino, sanyin idona, ruwan kwarin Okunose da ba ya ƙafewa, busasshiyar kanyata da hunturu ya ƙara wa zaƙi, hasken da ke fara taɓa kan tsauni tun gari yana barci, kuma direbar da ta fi kowa taurin kai a tsibirin Shikoku kaf!

Na so in buɗe da gaisuwar da aka koya mana a makaranta, in tambayi ganyen tsauni ko sun fara ja, in tambayi ƙafar mahaifiyarki. Ki yafe mini, yau raina a ɓace yake. Na kira wayarki har yatsana ya gaji, kin ƙi ɗauka. Kada ma ki ce mini babu sabis, masoyiyata. Kowa a kwarin nan yana iya yi mini wannan ƙaryar ban da ke, domin da hannuna na ɗora miki eriyar da ke kan motarki, kuma na san tana aiki. Tunda kin toshe kunne, ga takarda, ita ba a kashe ta.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Na zo hutun sabuwar shekara wurin kakata, Kaka Toyo, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, tsofaffin ƙauye sun taru a zaurenta suna jiran motar kantinki, don ke kaɗai ke hawo musu da awara da kifi da magani. Rana ta yi nisa, babu ke babu labarinki. Sai ga ki a ƙafa, kwando a baya, leɓɓanki sun yi shuɗi don sanyi. Ashe motar ta zame a Lanƙwasar Birai, inda duwatsu ke haɗiye sabis, ba ki da hanyar kiran kowa. Kaka ta fashe da kuka, ke kuwa kika sauke kwandon kina dariya, kika ce, “Kaka, daina kukan nan, awararki ba ta farfashe ba.” A nan zuciyata ta zame, ta fi motarki zamewa, har yau kuma ba wanda ya janyo ta.

Na koma aiki da ke a raina. Ni injiniyan eriyar mota ne, aikina in sa ƙarfe ya ji abin da iska ke ɗauke da shi, amma ban taɓa yin aiki da zafin zuciya irin na wannan hunturun ba. Na yi tunanin cewa sabis ba ya mutuwa a kwari, dukan duwatsu yake yi yana dawowa a warwatse. Na lanƙwasa siririyar tagulla ta bi gefen rufin mota, ta riƙa tsintar abin da duwatsu suka watso tana haɗawa. Da bazara na kawo ta na ɗora miki, na haɗa da wayar motarki. Kika tsaya hannu a ƙugu kika ce, “Kai injiniya, wannan zaren ne zai kira mini mutane? Ai gara in hau dutse in yi ihu.” Muka gangara Lanƙwasar Birai tare, kika kira mahaifiyarki, ta ɗauka. Wayyo wannan kallon da kika yi mini! Ko kamfani ya ba ni hawa bakwai na ofis, ba zai kai shi ba.

Na kai wa manajana, Kurihara, zanen tun a lokacin. Ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci safar wani, ya ce, “Morishita, mu nan motocin birni muke yi wa aiki, ba motar awara ba.” Ya jefa a durowa. Ki riƙe wannan, Fumino, domin a nan aka yi asarar da kike ɗora wa kanki.

Sauran kin fi ni sani. Ranar da Kaka ta yanke jiki ta faɗi a gefen motarki, a ƙasan kwari, wurin da a da ko tsuntsu ya yi kira ba a ji, ke kika kira motar asibiti, ta wannan zaren da kika yi wa dariya. Jaridar gunduma ta zo ta ɗauki hotonki kina nuna rufin mota, ni ina gefe ina washe baki, na kuma zayyana wa ɗan jaridar yadda abin yake aiki dalla-dalla. Da za a dawo da ranar, da na ƙara masa bayani, har in zana masa a bayan kwalin awara.

Sai da wani babban kamfanin motoci ya zo neman eriyar da za ta yi aiki a cikin tsaunuka, sannan Kurihara ya tuna da durowarsa. Aka ruga aka nemi rajistar mallakar ƙirƙira. Dokar abin a fili take: ba a ba ka mallakar abin da jama'a suka riga suka gani yana aiki, sai in ka nema cikin shekara guda da ganin. Shekarar ta wuce tuni, zanen yana kwance ƙarƙashin takardun hutun ma'aikata. Mai tantancewa a ofishin rajista na Tokyo, wata dattijuwa mai suna Hasumi, aikinta ke nan ta tone duniya ta gano ko an riga an ga abu. Ta tone har ta iso jaridar gundumarku, ta ga murmushinki, ta aiko mana da sanarwar ƙin amincewa. Ban ji haushinta ba ko kaɗan. Matar ta yi aikinta, har na ji daɗi da aka sami mutum ɗaya a Tokyo da ya karanta labarin Okunose.

Abin da ya tafasa mini jini shi ne abin da suka yi a bayan idona. Kaka ce ta kira ni ta faɗa mini cewa Shiomi, lauyan kamfani, ya hawo kwari da takalmin birni da kwalin alewa, ya rusuna miki har goshinsa ya kusa taɓa kwandon albasa. Ya kawo takarda ki buga hatiminki na sa hannu, ki shaida cewa abin da ke kan motarki ado ne kawai, bai taɓa aiki ba, ni kuma wani baƙo ne da ya tsaya a hoto. Ya ce miki in kin ƙi, aikina ya tafi. Ke kuma kika ce ya ba ki zuwa ƙarshen wata, za ki buga, daga nan kuma ba za ki sake tsayawa a hanyata ba tunda ke kika jawo mini.

Ke kika jawo mini? Ke? Haba Fumino! Wa ya ajiye zane a durowa? Ke ce kika yi wa motar awara dariyar raini? Yaushe ceton rai ya zama laifin da ake neman gafara a kansa? Kin san abin da Kaka ta ce a waya? Ta ce, “To in eriyar ba ta taɓa aiki ba, ni fatalwa ce ke nan? Ka ce wa mai takalmin nan ya dawo in mare shi, ya ji ko hannun fatalwa ne.” Na yi dariya har hawaye, daga baya na lura hawayen ba na dariya ba ne.

Yanzu ki ji abin da ba ki sani ba. Jiya muka je ganawa da mai tantancewa, ni da Shiomi. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, teburi da kujeru da shayin da ya huce. A cikin jirgin ƙasa ya yi ta ja mini kunne: “Morishita, kai dai ka yi maganar tagulla da lissafi. Maganar mutane ka bar mini.” Da muka zauna ya fara zuba, wai hoton talla ne, wai direbar ba ta san komai ba, takardar shaidarta tana tafe. Hasumi ta bar shi ya gama. Sannan ta sa tabarau, ta turo hoton gabana, ta ce, “Malam Morishita, kai ne ka ƙirƙira, kai zan tambaya. Abin da ke kan wannan motar yana aiki?”

Na ji Shiomi ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin teburi. Na ce, “Yana aiki, ranki ya daɗe. Da shi aka kira motar asibitin da ta ɗauki kakata.”

Ta ce, “Ita kuma wannan matar, ka san ta?”

Na ce, “Ita zan aura, in ta yarda.”

Shiomi ya shaƙe da shayi. Hasumi ta dubi hoton, ta dube ni, ta rufe fayil ɗin a hankali, ta ce, “Amsar farko zan rubuta. Ta biyun ba ofishinmu ake kawo ta ba, ka kai ta inda ya dace.”

Kin ga abin kunyar da kika jawo mini da rashin ɗaukar waya? Maganar da na yi ta juyawa a baki tun bazarar farko, wadda na so in faɗa miki a bakin kogi lokacin da furanni ke zuba a kan gashinki, ga shi na fara faɗa wa wata dattijuwa mai tabarau a ɗakin gwamnati, lauya yana tari a gefena. Ba na janye ko harafi ɗaya. In ana so in maimaita a gaban shugaban kamfani, a kira taro.

Yau da safe Kurihara ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, kin san su. Ya ce, “Ka kyauta. Daga wata mai zuwa kana sito, ka je ka ƙirga kwalaye tunda kana son motar kanti.” Ya kuma ce har yanzu za su iya tura takardarki in kin buga, su ce soyayya ce ta ruɗa injiniyansu, shi ya sa ya yi sambatu. Kin ji dalilin wannan wasiƙa. Duk abin da ya rage musu yana cikin ɗan akwatin hatiminki.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini ciwo. Na so in ga sunana a kan wannan rajistar. Tun ina ɗalibi nake mafarkin ranar, mahaifina ma ya riga ya ware wa takardar wuri a bango. Na tsaya a gaban teburina na dubi kayan aikina ɗaya bayan ɗaya. Amma ki auna da kanki, ya farin cikina. In kin buga, za su sami takardarsu, ni kuma in zauna a ofis mai sanyi ina sane da cewa matar da ta taka ƙanƙara da kwando a baya don kada tsofaffi su kwana da yunwa ta yi rantsuwar ƙarya saboda ni, ta ce ba ta san ni ba. Da wane ido zan dube ki? Da wane ido za ki dubi Kaka in ta zo sayen awara? Su riƙe ofishinsu. Kaina da ya haifi wannan eriyar yana nan a wuyana, ba su sa shi a durowa ba.

Kuma ki ji wani abin daɗi. Tunda an ƙi mana rajista, eriyar ba ta kowa ba ce, ta kowa ce. Mai kai wasiƙu yana iya ɗorawa, motar jinya tana iya ɗorawa, duk wata motar kanti da ke hawa tsaunin ƙasar nan tana iya ɗorawa ba tare da ta nemi izinin Kurihara ba. Ba za a sake samun wata mace ta tsaya a lanƙwasa cikin ƙanƙara tana ɗaga waya sama ba. Wannan ce asarar da kike kuka a kai?

Saboda haka ina roƙonki, ya ke da muryarki ta fi ƙararrawar motarki daɗi a kunnen tsofaffin Okunose, balle a nawa: ki mayar wa Shiomi takardarsa fara kamar yadda ya kawo ta. Alewar kuwa ki raba wa su Kaka, kada a yi asara biyu. In kin ƙi ni, ki ƙi ni don ina da surutu, ko don ban iya tuƙi a kan tsauni ba, ko don zuciyarki ba ta wurina. Wannan zan haɗiye, ko da zai ƙona ni. Amma ba zan yarda ki bar ni don tausayina ba. Ban yarda ba yau, ba zan yarda gobe ba, ko duk lauyoyin Tokyo sun hawo kwari a jere.

Ranar Asabar zan shigo motar safe, in sauka a Lanƙwasar Birai, in tsaya a bakin hanya. Dole ki bi ta nan, Asabar ce ranar kifi. Akwai wata takarda a aljihuna, daga ofishin gunduma na karɓo ta, ta rajistar aure. Na riga na buga hatimina a gurbina, Kaka kuma ta ce gurbin shaida nata ne, duk wanda ya taɓa shi zai gamu da ita. Saura gurbi ɗaya a gefen nawa. Wannan takardar ba ta neman ki ce komai sai abin da duk kwari ya riga ya gani. Ki adana mini jar tawadar hatiminki, Fumino. In kin wuce ni ba ki tsaya ba, zan kira wayar motarki daga nan inda nake tsaye, kuma ni da ke mun san za ta yi ƙara.

Naki, a ofis ko a sito, a rani ko a ƙanƙara, har ranar da duwatsun Okunose za su gaji da tsayuwa,

Morishita Naotaka