Wayar Mama Ta Ƙi Yin Shiru

Litinin, 3 ga Maris
Kwana goma sha biyu da binne Mama. Masu ta'aziyya sun watse, sun bar mini kujerun roba da ayoyi. Kowa ya san inda Mama take yanzu, har da waƙar da take rerawa a can. Ni ko makullin durowarta ban gani ba.

Laraba, 5 ga Maris
Na sa wayarta a caji don in nemi lambar mai gyaran famfo. Da na sani. Saƙo arba'in da ɗaya, duk na roƙon addu'a: mai jarrabawa, mai ciwon baya, mai rigima da suruka. Ashe ofis guda take gudanarwa daga bakin gadon nan.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ta ce, "Kashe wayar mana, ko ke ce sabon fasto?" Na ce ni da rabona da addu'a tun ranar da likita ya cire tabarau kafin ya yi mana magana. Ta ce Allah ya shirye ni. Amin, in ya samu sarari.

Lahadi, 9 ga Maris
Ban je coci ba.

Talata, 11 ga Maris
Akwai wani da Mama ta ajiye lambarsa da sunan Tsohon Direba. Ba ya gajiya. Yau: "Mama, gobe za a yi wa matata aiki. A sa mu a addu'a." Na rubuta masa cewa Mama ta rasu, na goge. Na sake, na goge. Ƙarshe na tura, "Ana yi." Digiri biyu, ga ni ina zabga ƙarya da wayar mamaciya.

Laraba, 12 ga Maris
Abin ya tsaya mini a rai. Na rufe ƙofar ofis na ce, "Ubangiji, ni da kai akwai magana, amma ba yau ba. Matar direba. Kai ka san ta, ni ban san ta ba. Cikin sunan Yesu." Don kada in zama maƙaryaciya ne kawai. Kukan da ya biyo baya ba ni na gayyato shi ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Na kira direban in faɗi gaskiya. Ya ce, "Na sani, 'yata, ai da ni aka ɗauki akwatin. Hannu ne ya saba. Da na ga amsa na ce to, ta bar wani a bakin aiki." Wato ni kaɗai nake ta wahalar ɓoyo! Matar ba ta gama farfaɗowa ba. Wai in ci gaba.

Lahadi, 16 ga Maris
Cocin dai tukuna. Saƙo uku da safe, na yi musu addu'a a tsaye kafin ruwa ya tafasa. Sai na ji bakina ya ƙara suna na huɗu. Nawa. Ba sai Yaya ta ji ba.