Ƙafar Hagu

Litinin, 12 ga Satumba
Masai ya rufta. Ruwan kogi ya cinye shinkafata a fadama bai ƙoshi ba, ya biyo mu har banɗaki. Yanzu sai na goya Baba zuwa banɗakin gidan maƙwabcinmu Usaini a kan tudu, ruwa iya gwiwa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ko buta ba ya iya riƙewa. Ni nake yi masa tsarki. Ni kaɗai, a cikin 'ya'yan da ya haifa.

Laraba, 14 ga Satumba
Yaya Abdulfattah ya yo aike daga Abuja. Kwali guda na tishu! Kafin kwalekwale ya ƙaraso da shi garinmu Guri, rabi ya jiƙe ya zama kamar tuwo. Wai a waya, "Ka ga yanzu ba sai hannunka ya taɓa ba." Sannu da ƙoƙari! Ni hannu nake nema, shi takarda ya aiko. Baba ya dubi abin ya ce, "A kai wa matarka Suwaiba ta hura wuta."

Juma'a, 16 ga Satumba
Ban je masallaci ba. Rabona da salla ma tun ran Talata. Da wace riga? Duk najasa, ga rana ta ƙi fitowa su bushe. Astagfirullah, amma me na yi? Ga gona ta tafi, ga wannan.

Asabar, 17 ga Satumba
Tsohon nan zai kashe ni. Na iso ƙofar banɗaki, bayana kamar zai karye, ya ja mini kunne da hannunsa mai lafiya: "Da hagu ake shiga!" Na ce, "Baba, ai ƙafata ce, ba taka ba." Ya ce, "Yanzu ita ce tawa." Sai da na koma baya na sake shigowa. Wajen fita kuma, "Dama!" Kamar jaki.

Litinin, 19 ga Satumba
Ya kubce masa a bayana, a tsakiyar hanya. Na ji ɗumi har ƙugu. Na daka masa tsawa, "Haba Baba! Ba za ka ɗan riƙe ba?" Ga masunta a kwalekwale, mutanen da shi ya koya wa jefa birgin kamun kifi. Duk suka kau da kai.

Alhamis, 22 ga Satumba
Ya daina cin abinci. Kunu, ya ƙoshi. Romon tarwaɗa, ya ƙoshi. Tun ran Litinin bai nemi a kai shi banɗaki ba. Na ce wa Suwaiba taurin kai ne. Ta ce, "Malam, ba ka gane ba? Aiki ne ba ya so ya ba ka."

Ta ba ni haushi. Don gaskiya ta faɗa.

Asabar, 24 ga Satumba
Cikinsa ya yi tauri kamar dutse, idanu sun faɗa. Na dire kofin kunu da filasko a gabansa, na ce, "Wallahi ba ka isa ka mutu a kan wannan ba. Kai ka ce ƙafarka ce. Ga ta nan tana zaman banza." Ya sha rabi.

Lahadi, 25 ga Satumba
Shiru. Na kama kaina ina roƙon Allah kashi. Kashi fa!

Litinin, 26 ga Satumba
Da hantsi ya kira sunana. Ban san ina iya gudu a cikin ruwa da mutum a baya ba. Na tallafe shi ta hammata, yana nishi, ina cewa, "Yauwa Baba, yauwa," kamar yadda ake yi wa yaro. Kashin ya fita. Wari ya cika ɗakin, ni kuwa ban taɓa jin daɗin wani abu haka ba. Da muka fito ya ce, "Gufranaka. Godiya ga Wanda ya fitar mini da cuta, ya bar ni da lafiya." Mutumin da rabin jikinsa ba ya motsi. Na so in yi gardama, sai kawai na gyara goyon muka kama hanyar gida.

Laraba, 28 ga Satumba
Har yanzu ban ɗaga wayar Yaya ba, kuma ba zan ɗaga ba. Na yi la'asar. Ba wani abu ba ne, rigar ce ta bushe.

Ɗazu na je banɗaki ni kaɗai. Har na ɗaga dama, na mayar.