Tsagar da ke Gindin Jirgi

Zuwa ga ɗana Nasidi, mai walda, Talata Mafara.

Bayan gaisuwa da tambayar gajiyar aiki. Malam Bube ke rubuta mini. Ruwan dam ya kewaye tudunmu, ya ci gonar gero, dabinon masallaci sai kanshi ake gani. Na faɗi, na ƙara: ba ni barin kushewar ubana.

Jirgin da ka aiko ya iso. Matarka Taibatu watan haihuwarta ya tsaya, dole a ƙetara da ita, wannan na yarda. Amma Nasidi, mi ka yi haka? Jiki farin ƙarfe, gindi baƙin ƙarfe! Tun ina riƙe ma kakanka zugazugi ban ga waɗannan biyu sun zauna wuri guda ba. Barci ya ƙi ni. Zan sa mishi guduma yadda muke gwada garma, in ji kukanshi.

Ubanka, Gajere Maƙeri.

*

Zuwa ga Baba.

Ina gaishe ka da ladabi, Allah shi ƙara lafiya. Baba, don Allah, don Annabi, kada ka buga! Alminiyam ne da ƙarfe, abin da na samu ke nan a tarkace. Da ƙyar sunka kama juna. Haɗin yana tare ruwa, amma kamar kwalba yake, ba ya ɗaukar duka. Ko dutse kada shi taɓa. Ku sa Taibatu a ciki tun naƙuda ba ta taso ba, kai ma ka shigo. Kaka yana hannun Allah, Baba, ruwa ba ya isa inda yake.

Ɗanka mai biyayya, Nasidi.

*

Nasidi,

Gaisuwa. Takardarka ta iske na riga na buga. Kukan tukunya fasasshiya ya yi. Ga tsaga nan a gindi, siririya kamar gashi, tsawonta taƙi guda. Na cusa tsumma, na liƙe da ƙaro.

Naƙuda ta taso da hantsi. Ruwa yana cikin zaure. Malam zai riga mu ƙetarewa bisa goran iyo da takardar ga. Na je na yi ma kakanka sallama. Zan shiga jirgin, don babu mai danne tsagar da tafin ƙafa har gaɓa in ba ni ba.

Ka tsaya mashigar Maradun. Ka zo da igiya, mai tsawo.

Ubanka.